Mun Ƙona Kundin Kakanmu Saboda Tauraro

A bara, bayan an gama roron wake, wani tsoho ya rasu a ɗaya daga cikin ƙauyukanmu da ke tsakanin Ɗambatta da Makoɗa. Ba shahararren malami ba ne. Manomi ne mai makarantar allo a zaure, irin waɗanda ke biya wa yara da asuba, hantsi na yi su saɓi fartanya. Bayan sadakar bakwai 'ya'ya da jikoki suka buɗe adakarsa. A ciki akwai gafaka, a cikin gafakar akwai kundi: takardu warwatse, sun yi ja don tsufa, wasu da hannunsa, wasu da hannun mahaifinsa. Akwai addu'o'i, akwai waƙoƙin wa'azi da ajami, akwai lissafin bashi, da shekarun da aka haifi 'ya'yan gidan. A gefe kuma ga wani ƙullin tsumma mai ɗauke da tsofaffin kwabbai masu huji.

A kan wata takarda an zana hatimi, tauraro mai tsini shida. A bayan kwabban ma tauraron ne. Wani jikan mamacin ya ɗauki hoto ya tura zauren WhatsApp. Ba a yi minti goma ba hukunci ya fito: tambarin Yahudawa ne, da shi suke juya duniya, duk gidan da yake ciki albarka ba ta shiga. Kafin a kira Magariba an cinna wa kundin wuta a bayan danga, dukkansa, ba takardar kaɗai ba. Kwabban kuwa aka watsa su a tsohuwar rijiya.

Muna wurin, kuma ba mu ce uffan ba. Tsoro muka ji kada a ce muna kare Yahudawa. Da damina ta kawo kai rigimar iyakar gona ta tashi tsakanin magada da maƙwabtansu, irin rigimar da kowa ya sani a ƙasarmu, inda gona ke manne da gona, babu saura babu daji, taku biyar na ƙasa ya isa raba zumuncin shekara hamsin. Wani dattijo ya ce ai marigayin ya rubuta yadda aka raba, da sunayen shaidu, yana cikin kundi. Aka yi tsit.

Wannan rubutu biyan bashin shirun da muka yi ne. Abin da za mu faɗa ba zai yi wa wasu daɗi ba: mun mayar da kalmar Bayahude kwandon shara, duk abin da muka tsana ko muka kasa ganewa sai mu jefa a ciki, alhali a cikin dubunmu da wuya a samu ɗaya da ya taɓa haɗa ido da Bayahude. Kuma wannan jahilci ba Yahudawa yake cuta ba. Su ba su ma san muna yi ba. Mu yake ci.

Mu fara da tauraron. Duk wanda ya haura shekara sittin ya kashe wannan kwabo, ya sayi ƙosai da shi, ya kai wa malam kuɗin Laraba da shi. Tun 1907 Turawan mulki suka fara buga kwabo da anini masu huji a tsakiya da tauraro mai tsini shida a baya, har da rubutun Larabci a jikinsu. Kwabon Tarayyar Najeriya na 1959 ma yana da hujin da tauraron, kuma da shi aka yi ta ciniki har naira ta zo a 1973. Tutar Najeriya ta zamanin mulkin mallaka, daga 1914 zuwa 1960, tana ɗauke da koren tauraron a cikin jan da'ira. Ƙasar Isra'ila kuwa sai a 1948 aka kafa ta. Daga ina Bature ya samo zanen? Gwamna Lugga da kansa ya bayyana daga baya cewa a jikin murfin wani kyakkyawan mazubi na tagulla ya gan shi, wanda sojojinsa suka kwaso lokacin da suka ci Kontagora a 1901. Wato daga fadar sarki Musulmi ya fito.

Ba abin mamaki ba ne. Musulmi sun daɗe da sanin wannan zane da sunan hatimin Annabi Sulaimanu. Sarakunan Maroko sun buga shi a kan kuɗin tagullarsu a ƙarni na 19, yana jikin masallatai da gine-ginen Daular Usmaniyya ta Turkiyya, yana cikin littattafan hatimai da malamanmu suka yi ta kwafa. Su kansu Yahudawa, tsohuwar alamarsu fitila ce mai rassa bakwai. Tauraron bai zama tambarinsu na bai ɗaya ba sai a ƙarni na 19. Idan damuwar jikan nan ita ce hatimi da tsibbu, wannan magana ce ta malamai, suna da ja-in-ja a kanta tun ba yau ba, kuma da sai a zare takarda ɗaya a bar saura. Amma ba don haka aka ƙona ba. An ƙona ne don an ambaci Yahudawa, hankali ya tashi, tambaya ta ƙare.

Yanzu mu saurari yadda kalmar ke fita daga bakinmu. Mutumin da ke saye gero da araha ranar kaka, ya kulle a sito sai bazara ta yi tsanani ya fito da shi ninki biyu, me muke ce masa? Bayahude. Wanda ya ba ka buhun taki bashi da sharaɗin buhu biyu na dawa, Bayahude. Wanda ya danne gonar marayu, Bayahude. To amma wannan mutum sunansa Alhaji wane, a sahun farko yake salla, ya je Makka ba sau ɗaya ba. Dillalan da ke karya farashi a bakin gona su kai Dawanau su ninka, 'ya'yanmu ne, da Hausa suke rantsuwa. Da muka laƙaba wa halinsu sunan wata al'umma ta nesa, sai muka wanke kanmu: zalunci ba namu ba ne, baƙo ne. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na wanda ba mu taɓa gani ba.

Abin dariya, ko abin kuka, shi ne akwai Bayahude na gaskiya da ya taɓa shiga rayuwar kakanninmu manoma, kuma labarinsa ya saɓa wa zagin. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, jakuna da raƙuma suka riƙa kwasar gyaɗa daga Bichi da Ɗambatta da Gezawa zuwa birni. Cikin baƙin da wannan kasuwa ta jawo akwai Saul Raccah, Bayahude daga Tarabulus ta Libiya, garin da fatakensa suka daɗe suna hulɗa da Kano ta hanyar Sahara. A wancan lokaci manyan kamfanonin Turawa, irin su UAC, sukan haɗa baki su raba kasuwa a tsakaninsu don kada gasa ta ɗaga farashi. Raccah ya ƙi bin layi. Ya rage ribarsa a kan kowane tan, ya sayi da yawa, ya biya fiye da su, har kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya zama ɗaya daga cikin manyan masu fitar da gyaɗar Kano zuwa waje. Masanin tattalin arziki P. T. Bauer, a littafinsa na 1954 kan cinikin Afirka ta Yamma, ya kawo shi a matsayin misalin yadda mai gasa ɗaya ke karya haɗin bakin manya, manomi ya amfana.

Ba mu ce waliyyi ne ba. Ɗan kasuwa ne, riba ta kawo shi, kamar yadda ta kawo Kwarori da Turawa. Amma a lura: masu haɗa baki a danne manomi ba Yahudawa muka kira su ba, kamfani muka kira su, muka girmama su. Wanda ya ɗaga wa kakanninmu kuɗin buhu kuwa, sunan ƙabilarsa ne ya zama zagin mai danne manomi. Wa ya san sunansa yau a garuruwan da ya sayi gyaɗarsu?

Idan kuma za mu ƙona duk abin da ya haɗa mu da su, to wutar za ta daɗe tana ci. Mu fara da sunayenmu: Musa Kallamu, Haruna Ginsau, Yusufu Maitama, Yakubu, Isiyaku, Dauda, Sulaimanu, Zakari, Iliya, Saratu, Maryam. Mun same su ta hanyar Musulunci, su kuma suna raɗa wa 'ya'yansu irinsu har gobe. Ranar Asabar, daga Larabci muka aro ta, kuma tushenta ɗaya da sunan ranar hutunsu. Harshenmu kansa ɗan uwan nasu ne. Muna cewa gidanka, gidanki. Balarabe ya ce baituka, baituki. A Ibrananci ma harafin kaf ne ke ƙarshen kalmar. Mutuwa, suna, harshe, da me ta tambaya, duk suna da 'yan uwa a Larabci da Ibrananci, kuma ba aro ba ne, gadon kaka ɗaya ne mai nisa.

Wanda ya tsayar da wannan magana da ƙafarta a duniyar ilimi shi ne Joseph Greenberg, ɗan Yahudawan birnin New York. A 1938 zuwa 1939 ya zauna a karkarar Kano cikin Maguzawa, ya koyi Hausa, ya rubuta al'adunsu da sunayen iskokinsu da yadda Musulunci ya yi tasiri a kansu, littafin ya fito a 1946. Daga baya ya sake tsara dangantakar harsunan Afirka, ya ajiye Hausa da danginta na yankin Chadi a gida ɗaya da Larabci da Ibrananci da Berber da tsohon harshen Masar, ya yi watsi da ra'ayin Turawan da ke auna darajar harshe da launin fatar masu shi. Mu da muke gona ɗaya da Maguzawa, jini ɗaya, me muka rubuta a kansu ban da barkwancin Bamaguje? Hoton Mansa Musa da matasanmu ke yaɗawa da alfahari, yana zaune da kambi yana riƙe da curin zinariya, daga taswirar 1375 aka ciro shi, wadda ake dangantawa da Cresques Abraham, Bayahude mai zanen taswira a tsibirin Mayorka. Shi ma mu goge shi?

Za a ce mana: ai magabatanmu ma sun yi gaba da su, ga Shehu Maghili. Gaskiya ne, kuma ba za mu ɓoye ba. Muhammadu bin Abdulkarim al-Maghili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa littafin yadda ake mulki, ya bar zuriyarsa a Sharifai, kafin zuwansa ya jagoranci rushe wurin ibadar Yahudawa a Tamantit ta ƙasar Tuwat, a kudancin Aljeriya ta yau, wajen 1492. An kashe wasu, saura suka watse. Kafin nan, a 1447, wani ɗan kasuwar Italiya, Antonio Malfante, ya rubuto daga Tuwat cewa Yahudawan wurin suna zaune lafiya a ƙarƙashin kariyar shugabannin garin. Abin da ba a faɗa mana shi ne, malaman zamanin ba su haɗu a kan ra'ayin Maghili ba. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya ƙi yarda. Muftin Tilimsan, Ibn Zakri, yana cikin waɗanda suka ce a bar musu wurin ibadarsu, wasu kuma irin su al-Tanasi suka goyi bayan Maghili. Duka fatawoyin suna nan a cikin Mi'iyar na Wansharisi, littafin Malikiyya da malamanmu suka sani. A shekarar ce kuma Sipaniya ta kori Yahudawanta bayan faɗuwar Garnaɗa, Sarkin Musulmin Turkiyya Bayazid na Biyu ya buɗe musu ƙofa. Girman Maghili a tarihin Kano yana nan. Amma wanda ya ce ra'ayinsa a kan wannan mas'ala shi ne kaɗai Musulunci, ya yi wa sauran malaman ƙarya.

Za a ce kuma: Alƙur'ani ya zarge su. Ya zargi waɗanda suka saɓa alƙawari, suka canja magana, suka kashe annabawa, kuma tarihin Madina ya ƙunshi yaƙi da wasu ƙabilunsu. Amma Littafin nan dai, a Ali Imrana, ya faɗa cewa Ma'abota Littafi ba duka suka zama ɗaya ba. A Ma'ida ya hana mu barin ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga rashin adalci. A wurare da dama ya nanata cewa wani ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wafati sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'irin da ya karɓa wa iyalinsa. Ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, da aka yi masa magana ya nuna cewa ai rai ne. Nana Safiyya, uwar muminai, 'yar gidan Yahudawa ce. Abdullahi bin Salam malaminsu ne kafin ya musulunta. Mun haddace ayoyin zargi, mun tsallake ayoyin adalci, sannan muna kiran wannan kishin addini.

Sai babbar magana, wadda ke bakin kowa: Gaza. Mun ga abin da kowa ya gani a waya, yara a ƙarƙashin ɓaraguzai, asibitoci a rushe, uwaye na layin abinci. Wanda zuciyarsa ba ta ƙuna ba ya binciki imaninsa. Ba mu zo mu ce a daina fushi da gwamnatin Isra'ila da sojojinta ba, ko a daina yi wa Falasɗinawa addu'a da taimako. Abin da muke cewa shi ne jinin farar hula haramun ne ko na wane ne, kuma gwamnati daban, al'umma daban. Yahudawan duniya duka ba su wuce miliyan 15 zuwa 16 ba, kusan adadin da ake ƙiyasta wa Jihar Kano, kuma fiye da rabinsu ba a Isra'ila suke zaune ba. Da yawansu na goyon bayan abin da ake yi, wannan gaskiya ne. Amma a watan Oktoban 2023 'yan sandan New York sun kama ɗaruruwan masu zanga-zanga a babbar tashar jirgin ƙasa ta Grand Central, suna neman a tsagaita wuta, kuma ƙungiyar Yahudawa ce ta shirya taron. B'Tselem, wadda tun 1989 take tattara bayanan cin zarafin Falasɗinawa, 'yan Isra'ila ne suka kafa ta. A Afirka ta Kudu, Denis Goldberg ya sha hukuncin ɗaurin rai da rai tare da Mandela a 1964, ya yi shekara 22 a kurkuku. Ruth First, bam aka aika mata a cikin wasiƙa a Maputo a 1982 saboda yaƙi da wariyar launin fata. Su ma duk Bayahuden da muke zagi ne?

Mu da kanmu mun san ɗacin kuɗin goro. Kowane gida a ƙauyukanmu yana da ɗan ci-rani a Legas ko Fatakwal ko Onica, yana tura baro, yana gadi, yana yankan farce. Sun san yadda ake kallonsu idan bam ya tashi a Maiduguri ko aka sace mutum a daji. A watan Maris na 2025, a Uromi ta Jihar Edo, an tare mafarauta 'yan Kano da ke hanyar dawowa gida yin Salla, aka kashe mutum 16, ba don an kama su da laifi ba sai don an ce irinsu ne masu satar mutane. Muka yi kuka, muka ce zalunci ne a hukunta mutum da laifin da ake zargin ƙabilarsa. Daidai ne. To ma'aunin da muka nema a auna mu da shi, me ya sa ba ma auna wasu da shi? Har ta kai wasu yaranmu na ɗora hoton Hitila a shafukansu suna yi masa kirari. Mutumin da gwamnatinsa ta hallaka Yahudawa miliyan 6, ita ce a 1937 ta dandaƙe yaran Jamus da iyayensu maza baƙaƙe ne, sojojinsa kuma a 1940 suka ware sojojin Afirka ta Yamma da suka kama a Faransa suka harbe su. Da ya ci yaƙi, da mai ɗora hoton bai isa ya share masa takalmi ba.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne, mutanen da muka ƙona kundi da sunansu, su ne gwanayen adana kundi. Suna da al'ada irin tamu: takardar da ke da sunan Allah ba a yar da ita. A majami'ar Ben Ezra da ke tsohuwar Alƙahira akwai wani ɗaki da suka yi ɗaruruwan shekaru suna zuba tsofaffin takardu a ciki. A 1896 zuwa 1897 wani malaminsu, Solomon Schechter, ya kwashe kimanin guntaye 193,000 zuwa Jami'ar Kambirij. Me aka samu? Takardun aure da saki, wasiƙun fatake, lissafin bashi, maganin ciwon ido, rubutun yara masu koyon baƙi, har da rubutun hannun Musa bin Maimun, likitan fadar Salahuddin. Da yawansu Larabci ne da haruffan Ibrananci, wato ajaminsu. Yau duk mai son sanin yadda talaka ya rayu a Masar ta zamanin Faɗimiyya, Musulmi ko Bayahude, sai ya bi ta kan tarkacen nan. Irin abin da ke cikin gafakar tsohon nan ne, ba bambanci: bashi, haihuwa, iyakar gona, addu'a.

A 1980 wani ɗalibi a Amurka, Aaron Lansky, ya lura tsofaffi na mutuwa, jikoki na zubar da littattafansu na harshen Yidish don ba su iya karantawa. Ya bi gida gida da mota yana karɓa. Cibiyar da ya kafa ta ceto littattafai fiye da miliyan ɗaya. A Sarayebo ta Bosniya akwai wani littafin addu'arsu mai zane-zane da aka yi a Sipaniya wajen 1350. Da sojojin Hitila suka zo nemansa, wanda ya ɓoye shi a jikinsa ya fitar da shi daga gidan tarihi, ya kai shi ƙauyen Musulmi aka adana, malami ne Musulmi, Derviš Korkut. Maroko, ƙasar Malikiyya irinmu, wadda malamanmu ke zuwa Fas ziyara, tana da gidan tarihin Yahudawa a Kasablanka tun 1997, tsarin mulkinta na 2011 ya ambaci gadonsu a cikin abubuwan da suka gina ƙasar, ta gyara maƙabartunsu da majami'unsu, kuma a wurare da yawa Musulmi ne ke gadinsu. Musulunci bai ragu a Maroko ba don wannan. Musulmin Bosniya ya sa ransa a haɗari don littafin da ba na addininsa ba, mu kuma mun ƙona na kakanmu da hannunmu.

Kuma wanda wuta ba ta ci ba, gara na ci. Adaka nawa ce a Kunci da Tsanyawa da Minjibir da ruwan ɗaki ke zuba a kanta? Tsofaffi nawa suka rage da za su iya karanta ajamin iyayensu? Masaƙan da suka sa aka san sunan Minjibir, nawa suka rage a kan masaƙa? Waƙoƙin daɓe da na niƙa, wa ya naɗe su kafin siminti da inji su kashe su? Wayar da muka ɗauki hoton hatimi da ita muka nemo fatawar ƙonawa, ita ce dai za ta iya ɗaukar kowane shafi cikin rabin sa'a a ajiye har jikokin jikoki. Akwai Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, akwai Jami'ar Bayero, akwai Gidan Arewa a Kaduna, duk wuraren da suka san darajar tsohuwar takarda. Ba kayan aiki muka rasa ba. Mun shagala da maƙiyin da ke cikin waya, mun bar ɓarnar da ke cikin ɗaki.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma da kanmu muka fara. Mai ɓoye hatsi a kira shi da sunansa, mai ɓoye hatsi. Mai cin riba, mai cin riba. Azzalumi, azzalumi, ko ɗan uwanmu ne uwa ɗaya uba ɗaya. Malamai masu hawa mumbari da masu wa'azin TikTok su ji tsoron Allah su karanta wa mutane ayoyin duka, ba rabi ba. Wanda zai soki Isra'ila ya soke ta da hujja, da sunan wanda ya ba da umarni da abin da aka aikata, don hujja ita ke taimakon Bafalasɗine, zagin ƙabila kuwa makami ne da ake juyawa a soke shi da shi. Kuma daga yau, duk gidan da aka buɗe adakar mamaci, kada a bar yaro da ashana ya yanke hukunci. A kira wanda ya iya karatun, a ɗauki hoton kowane shafi, a tambaya kafin a ƙona.

Rigimar gonar nan har yanzu tana gaban dagaci. 'Yan uwa biyu ba sa gaisawa a masallaci, kuma shaidar da za ta raba su ta zama toka a bayan danga. Babu Bayahuden da ya zo garinmu ya yi mana wannan. Allah ya gafarta wa tsohon, ya yafe mana shirun da muka yi.